Ranar da Na Cire Goggo Sau Biyu

Ban taɓa neman mulki ba, shi ya same ni ina tsaka da tuƙa tuwo. Babban yayanmu da ke Kaduna ne ya kira ni wata yamma, ya ce ya gaji da zauren hirar danginmu na waya, don haka ya naɗa ni admin, mai ikon sa mutum da cire shi. Na ce masa ban iya ba. Ya ce ai ya riga ya danna.

Shi ya buɗe zauren tun farko don zumunci. 'Ya'ya da jikokin kakanmu ne a ciki da matansu da mazajensu, wasu a nan Birnin Gwari, wasu a Randagi da Saminaka, wasu sun yi nisa har Zariya da Legas. Da can abin da ake yi bai wuce barka da haihuwa da gaisuwar Juma'a da hotunan yara cikin kayan sallah ba. Da hanya ta lalace, sai zauren ya sake kama. Wanda zai yi tafiya ya faɗi lokacin da ya tashi, ya faɗi lokacin da ya sauka. Wanda ya ji motsi a daji ya sanar. Tambayar da ta fi yawa da safe ita ce, "Hanya lafiya?" Magana ta yi nauyi, mu kuwa muna nan muna yin ta kamar yadda muka saba, kowa da bakinsa a buɗe.

Dalilin da ya sa Yaya ya ɗora mini shi ne ina aikin kwamfuta a wani ƙaramin asibiti a cikin gari, ina shigar da bayanan mata masu zuwa awo. An taɓa tura ni bita Kaduna a kan yadda ake kare sirrin marasa lafiya, tun daga nan dangi suka yanke hukuncin cewa duk abin da ke da allo da madanni na san kansa. Abin da na riƙo daga bitar bai da yawa, amma ya zauna mini. Kowace waya a zaure irin namu tana da makullinta na ɓoye, wanda ko mai wayar ba ya ganinsa. Idan na yi magana, wayata za ta kulle ta kafin ta fita, kuma wayoyin 'yan zauren ne kaɗai ke riƙe da abin buɗewa. Ko kamfanin layi abin da ke ratsawa ta wurinsu tarkace ne da ba ya karantuwa. Idan aka cire mutum, sauran wayoyin sai su watsar da tsofaffin makullan, su ƙera sababbi, su raba a tsakaninsu ban da shi. Malamin ya ja mana kunne a kan abu biyu. Makulli bai san fuska ba, duk wanda waya ke hannunsa shi ne ɗan zaure. Sannan cire mutum gaba kawai yake karewa, ba ya goge abin da ya riga ya sauka a wayarsa.

Da na karɓi sarautar, doka ɗaya na kafa: wanda wayarsa ta ɓata, ko aka ƙwace, za a cire lambarsa nan take, sai ya sami wata an tabbatar shi ne kafin a mayar da shi. Wadda ta fara goyon bayana ita ce Goggo.

Goggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage a 'yan ɗakinsu. Tana zaune a Randagi, tana sana'ar daddawa da man gyaɗa, kuma duk wanda ya taɓa taya kayanta ya san ba a cin ribar Goggo. Sunan mahaifiyarta na ci, shi ya sa take kirana Uwata. Idan na ɓata mata rai kuwa sai in koma "ke 'yar asibiti." Tana da karatun allo mai kyau, amma boko bai ratsa ta ba, don haka da hoto take gane mutane a waya. Wanda ya kuskura ya sauya hotonsa ya sa fure ko masallaci zai sha faɗa, ta ce ya ɓace mata. Saƙon murya kaɗai take turawa, kuma ba gajere ba. Kullum da safe sai ta gaishe mu gida gida, ta tambayi mai tari da mai haƙori, ta faɗi yadda gyaɗa ta kwana a kasuwa. Wani lokaci ta manta ba ta saki madannin ba, mu yi ta jin kaji da ƙarar turmi da ita tana korar awakin maƙwabta.

Ranar da na sanar da dokar ta ce, "Uwata ta yi gaskiya. Wanda duk ya yar da wayarsa a cire shi, ko da rawani a kansa."

An yi ta dariya, aka wuce wurin.

Da kaka ta yi, masarar gonar gadonmu ta Randagi ta yi kyau ƙwarai. Aka sussuka, aka zuba a buhuna, sai maganar yadda za a kawo ta gari. A shekarun nan ɗauko amfanin gona daga ƙauye ba ƙaramin abu ba ne, don akwai masu kai wa 'yan daji labari, kuma ba a rubuce yake a goshinsu ba. Duk da haka a cikin zauren aka tattauna komai: ranar da motar a-kori-kura za ta taso, hanyar da za ta bi, har direban da za a ɗauka. Na ɗan yi ƙorafi, aka ce mini ai duk 'yan gida ne. Gaskiya ne kuma, 'yan gida ne.

Ranar kasuwar Randagi, gaisuwar Goggo ta iso da safe kamar kullum. Da azahar ina ofis ina cin ɗanwake a kan teburin da aka hana mu cin abinci a kansa, sai ga saƙo daga lambarta. A rubuce.

"Slm yan uwa. Wai yaushe motar masara zata taso, kuma ta ina zata bi?"

Na ajiye cokalin. Kafin in gama karantawa matar wani ƙanena ta amsa da fuskokin dariya jere, ta rubuta, "Laa, Goggo ta shiga yaƙi da jahilci!" Wani ɗan'uwanmu a Saminaka kuma na ga alamar yana rubutu, na san amsa zai bayar tiryan-tiryan, don shi mutum ne mai son a ce ya taimaka. Na yi maza na rubuta, "Kowa ya dakata, kada a amsa." Na kira lambar Goggo. Ta yi ƙara aka katse. Na sake kira, aka sake katsewa. Goggo ba ta san inda ake katse kira ba. Idan ba ta son magana da kai, ɗauka take yi ta gaya maka.

Amsar tambayar tana nan cikin tsofaffin saƙonnin da ke wayar, amma sai mutum ya yi haƙurin sauraron gaisuwar danginmu ta mako guda kafin ya tono ta. Ko wane ne ke riƙe da wayar, da alama ba shi da wannan haƙurin.

Na buɗe sunayen 'yan zaure, na gangara kan hoton Goggo, wanda aka ɗauke ta a bikin autanta ta sha ɗaurin kallabi tana harara. Sai da na yi bisimilla kafin na danna. Abin da na manta shi ne manhajar ba ta da kunya. Nan take ta rubuta a tsakiyar zauren, inda kowa zai gani, cewa wance ta cire wance.

Kamar an jefa dutse cikin kaji. Masu salati na yi, masu tambaya na yi. Ɗan'uwanmu na Legas, wanda ya yi wata biyu bai ce uffan ba, ya fito ya ce duniya ta zo ƙarshe. Na fara ɗaukar saƙon murya don in yi bayani, sai aka leƙo aka ce ana nemana, katin wata mai ciki ya ƙi fitowa a kwamfuta. Na jefa wayar a aljihun riga na tafi. Tana ta ɓari a jikina ina aiki, ban duba ba.

Da na dawo na tarar Yaya ya kira ni ya gaji. Na kuma tarar ya mayar da Goggo cikin zauren, don da ya naɗa ni bai sauke kansa ba, mu biyu ne ke da iko. Har ya rubuta a ƙasa, "Goggo ki yi haƙuri, yarinta ce." Ni da ke da 'ya'ya huɗu, babbar tana shirin rubuta jarrabawar fita sakandare.

Na tsaya ina kallon allon, raina ya ɓaci. Abin da Yaya ya yi a ganinsa ladabi ne. A wurin wayoyi kuwa, sun karɓi umarni ne su miƙa sababbin makullan da suka ƙera ɗazu ga wayar da ke hannun baƙo. Ana cikin haka sai ga amsa daga lambar Goggo, a rubuce kuma:

"Ba komai."

Tun da aka haife mu ba wanda ya taɓa yi wa Goggo laifi ta ce ba komai. Akwai wata maƙwabciyarta da ta fasa mata tulu tun muna yara, har yau idan sun haɗu a biki sai an yi zancen tulun. Matar ƙanen nawa ce ta fara magana, wannan karon ba fuskar dariya: "Wallahi wannan ba Goggo ba ce."

Na sake cire ta. Na sauke Yaya daga admin, manhajar ta shelanta wannan ma. Na sauya linkin gayyata, don tsohon yana cikin wayar da ta ɓata, ana iya bi ta nan a dawo. Sannan na kira Kaduna.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya. Juyin mulki kika yi mini ke nan?"

"Na wucin gadi ne, Yaya."

"Haka sojoji ma suke cewa." Sannan ya ce, "To amma idan aka cire ta, ai shi ke nan ko? Ba zai ƙara jin komai ba?"

Na ce abin da za mu faɗa daga yanzu ba zai ji ba, don an sake makulli. Amma duk abin da aka faɗa daga jiya zuwa baya yana nan a hannunsa, har da ranar mota da hanya da sunan direba. Ba wani madanni a wayata da zai shiga waccan ya goge. Dole a sauya rana, a sauya hanya, kuma wannan karon mutum uku kaɗai za su sani: shi, da direba, da babban ɗan Goggo da ke kula da gonar.

Ya ce, "Dangi za su ce ana ɓoye musu."

Na ce, "Su ce. Idan masara ta iso sa ci tuwo su huce."

Ban samu ɗan Goggo ba sai bayan la'asar, da ya taso daga gona ya hau tudun da suke samun sabis. Ya tabbatar mini da abin da muke zato. A cikin turmutsutsun 'yan hatsi aka zare wayar daga kwandon Goggo, tana can tana ciniki. Lafiyarta ƙalau, ta wuni tana zazzage kwanduna tana zargin kowa. Na yi hamdala. Sai ya sassauta murya ya ce, "Amma fa ta ji labari."

"Wane labari?"

"Duka biyun. Na farkon da na biyun."

Randagi sabis ba ya isa ko'ina, amma labari irin wannan da ƙafa yake tafiya.

Washegari Asabar ce, ba aiki. Ina wanki a tsakar gida da hantsi na ji tsayuwar babur a ƙofa, na ji murya tana gaya wa ɗan acaɓa cewa idan haka yake tuƙi to uwarsa ta ci gaba da addu'a. Goggo ta shigo, jar ƙasar hanya ta rine mata hijabi har gira. Ta ajiye ƙullin daddawa da galan ɗin man gyaɗa a bakin ɗaki, don ko yaƙi ta zo ba ta zuwa hannu rabbana. Na durƙusa na gaishe ta, na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa. Ta kalli kofin ta kau da kai. A nan na san lamarin babba ne.

"Ke 'yar asibiti."

"Na'am, Goggo."

"Ni na yanke miki cibiya ko ba ni ba?"

"Ke ce, Goggo."

"Ni na goya ki zuwa wajen mai ɗori da kika faɗo daga mangwaro?"

"Ke ce."

"To me na ci miki da za ki kore ni daga cikin 'ya'yan ɗan'uwana? Aka ce yaron nan na Kaduna mai albarka ya mayar da ni, kika sake fatattaka ta. Sau biyu, kamar akuya ta shiga rumfa."

Na ce, "Goggo, ba ke na cire ba, wayar na cire. Ke kina kasuwa, ita tana hannun ɓarawo."

"Hotona ne a jiki ko nasa?"

Na ga ta nan ba hanya, sai na sake dabara. Na ce, "Da makullin ɗakin da kike ajiye mai ne ya faɗi a kasuwa, me za ki yi?"

"In sake kwaɗo mana."

"To shi na yi. Na sake kwaɗo, kowa na ba shi sabon makulli, naki yana nan yana jiranki."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kwaɗo yana hawa katanga ya yi shela? Aka ce rubutawa aka yi ɓaro-ɓaro, har surukaina sun karanta. Matar autana ta Zariya, wadda ko gaisuwar kirki ba ta iya ba, ita ma ta gani."

A nan kam ta fi ni gaskiya. Na ba ta haƙuri, na ce manhajar ce haka aka yi ta, tana faɗin wanda ya shiga da wanda ya fita don kada a saka baƙo a ɓoye ko a cire wani a ɓoye. Ta ce wanda ya ƙera ta ba shi da manya a gidansu.

Sai na ɗauko wayata na ce bari in karanta mata abin da aka rubuta da sunanta. Na karanta tambayar mota. Ta gyara zama. Na karanta haƙurin da Yaya ya ba ta. Ta gyaɗa kai, ta ce ɗan halak. Sannan na karanta amsar.

"Wa ya ce ba komai?"

"Ke, Goggo. Wai ke."

"Ni? A bakina?" Ta dafe ƙirji. "Ya sace mini waya, sannan ya ari bakina ya yafe laifin da ban yafe ba? Kuma yaron nan na Kaduna, da gemunsa, ya buɗe masa ƙofa ya ce shigo?"

Cikin ɗan lokaci Yaya ya sauka daga ɗan albarka ya koma wanda tun yana ƙarami ba ya lura. Goggo ta miƙa hannu ta ɗauki kofin ta shanye, ta ce ruwan garinmu har yanzu ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Ta ce, "Uwata, tashi ki sa mayafi, mu je a dawo mini da lambata."

Muka tafi shagon wakilin kamfanin layi da ke bakin kasuwa. Akwai layi, amma Goggo ta gaishe da mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya, ta gano ta san kakar wani, ta san garin wata, kafin in ankara muna gaba. Matsala ta zo wajen ɗaukar zanen yatsa. Shekarun murza kalwa da matsar ƙuli sun shafe mata zanen, na'urar ta ƙi ganin komai. Mai shagon ya ce ta goga a goshi, ta goga. Ya ce ta hura masa iska, ta hura. Sai a ƙaramin yatsan hagu aka samu, wanda ta ce shi ne malalacin cikinsu, bai taɓa aikin komai ba. Aka rufe tsohon layin, aka ba ta sabo da lambarta ta da. Muka sayi waya a shagon gefe, bayan ta sa mai shagon ya yi rantsuwa a kan batirin.

A nan bakin shagon na saka mata manhajar. Lambar tabbatarwa ta shigo, na shigar, na gaya mata yanzu waccan wayar an koro ta waje, ko an kunna ba za ta ƙara karɓar saƙo da sunanta ba. Na ce saura ta zaɓi lambar sirri ta kulle allo, don tsohuwar a buɗe take shi ya sa ɓarawon ya shiga kamar gidansu. Goggo ta yi tunani, sannan ta faɗi lambar da ƙarfi, yadda take faɗin farashin mai. Mai shago ya ji, mai gyaran takalmi ya ji, har wata mai sayen caja ta ce lambar ta yi kyau. Na ce a sake. Ta ja hijabi ta rufe kanta da wayar, ta daɗe a ciki tana dannawa, ta fito.

"Ke ma ba zan gaya miki ba."

"Haka ake so, Goggo."

Da muka koma gida na nuna mata gargaɗin da ya fito a wayata, cewa lambar tsaron da ke tsakanina da ita ta sauya. Na ce sabuwar waya sabon makulli ke nan, kuma kafin in mayar da ita zaure sai mun gwada mun ga abin da ke wayata shi ne ke wayarta, don a tabbatar ba wani ya tsaya a tsakani. Ana iya haska wayar ɗaya da kyamarar ɗayar a gama nan take. Goggo ta ce ba ta yarda da abin da ido bai gani ba. Lambobi kuwa ta san su sarai, don haka muka zauna a tabarma kafaɗa da kafaɗa, tana karanta nata rukuni rukuni ina bin nawa da yatsa. Jerin yana da tsawo. Ta tsaya a tsakiya ta yi wa 'yata faɗa a kan yadda take yanka albasa, muka ɓata, muka koma farko. Da muka kai ƙarshe komai ya yi daidai, na danna na mayar da ita. Manhajar ta shelanta wannan ma, na karanta mata, ta ce yau dai ta faɗi abin kirki.

Ta karɓi wayar ta buɗe zauren, ta tura yatsa sama, ta sake turawa. Fili ne fetal, ba komai sai sanarwar shigarta.

"Ina maganganun?"

Na ce na baya ba za su dawo ba. Da tsofaffin makullai aka kulle su, wannan wayar kuwa ba ta taɓa riƙe su ba. Wanda ya shigo yau daga yau yake ji.

Ta ajiye wayar a cinya. Can ta ce, "Muryar Yaya tana ciki."

Mahaifinmu take nufi. Kafin rasuwarsa ya ɗan zauna a zauren, yana tura saƙo jefi-jefi. Ashe Goggo takan koma can sama ta kunna su idan ta idar da sallar walha. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ni ma ban taɓa tunanin haka ba.

Na ce ta ba ni minti kaɗan. Wayata ba ta taɓa fita daga zauren ba, komai yana nan. Na yi ta gangarawa baya, na wuce sunaye da bukukuwa da rigimar taki, har na iso kansu. Ba su da yawa. Na tura mata su ɗaya bayan ɗaya, na kuma adana su a wani wuri daban don gaba. Ta kunna na farko. Muryar Baba ta fito, da ɗan tarin nan nasa kafin ya fara magana, yana cewa kada a yi gaggawar shuka, ruwan farko yaudara ne, a jira na biyu. Muka saurara har ƙarshe, ni da ita da 'yata da ta tsaya da wuƙa a hannu. Goggo ta goge ido da gefen hijabi, ta ja hanci.

Ta ce, "Kuma a shekarar nan wanda ya shuka da ruwan farko shi ya ci riba. Allah Ya jiƙansa, bai taɓa canka damina daidai ba."

Da yamma ta ɗauki saƙonta na farko a sabuwar waya. Ta gaishe da kowa gida gida, ta sanar cewa ta dawo, ta ce wanda ya ce ba komai ba ita ba ce, akwai komai, kuma za a ji shi idan an haɗu. Ta umarci kowa ya kulle wayarsa da lamba, ta ce wa ɗan Kaduna ya kira ta shi kaɗai. Yaya ya gaya mini daga baya cewa kiran ya cinye masa kati kaf.

Masara ta iso ranar da ba wanda ya zata, ta hanyar da ta fi nisa, da rana tsaka. Ba abin da ya faru a hanya sai taya da ta yi faci. Har yau ba mu san wanda ya riƙe wayar ba. Wataƙila mai kai labari daji ne, wataƙila ɗan sane ne kawai da ya ga zancen masara ya ce bari ya gwada sa'arsa. Mijina yana ganin na farkon ne, Yaya yana ganin na biyun, musamman idan ana zancen a gaban mutane.

Goggo ta yi mako guda a wurina. Ta sauya wa tukwanena wurin zama, ta koya wa 'yata yankan albasa, ta sa aka ɗinka mata 'yar jaka mai igiya da za ta riƙa rataya wayar a wuya a ƙarƙashin hijabi. Ita ta tsaya a kan masu sauke buhuna, ta sa direban ya tsince masarar da ta zube a bayan mota har ƙwayar ƙarshe. Da motar za ta koma Randagi ba kaya, ta ce ba za ta sake hawa babur ba, ta shige gidan gaba ta sa yaron mota ya koma baya. Sai da suka sha kwana na shiga madafa na tarar babbar tukunyata ta dambu ba ta nan. Na kira ta, ta ce aro ta yi, in zo Randagi in karɓa.